Kifin da ya ƙi fitowa daga dutse: halinsa ne ko maƙwabta ne suka hana shi sakewa?

Akwai wani ɗan kifi da masu kiwon kifin ruwan gishiri a tankin gilashi suke kira fayafish, a littafin masana kuma sunansa Nemateleotris magnifica. Tsawonsa bai fi ɗan yatsan babban mutum ba, gabansa fari, bayansa ja kamar an tsoma shi a garwashi, ga wani siririn fiffike dogo a saman bayansa da yake ta ɗagawa yana saukewa. A shago za ka ganshi tsaye cak a tsakiyar ruwa gwanin sha'awa, ka biya kuɗi masu nauyi ka kawo shi gida ka sake shi a tankinka, kafin ka ƙifta ido ya shige ƙarƙashin dutse, shikenan, kwana uku, sati ɗaya, wani lokacin har sati biyu ba ka ganin komai sai ɗan bakinsa. In ka koma ka yi ƙorafi amsar da za a baka ɗaya ce, wai ai dama kifi ne mai kunya, haka halinsa yake.

Ni dai wannan amsar ba ta taɓa gamsar da ni ba. Hausawa sun ce tsoro na daji kunya na gida, toh wannan kifin ɗan daji ne, dajinsa kuwa shine teku, daga gaɓar gabashin Afirka har can tsibiran Fasifik ake samunsa. Abun da muke kira kunya a wajensa lissafi ne yake yi dare da rana: in na fita zan samu abinci, amma in na fita za a iya cinye ni, wanne ya fi nauyi yanzu? Kuma amsar wannan lissafin ba daga cikinsa kaɗai take fitowa ba, mafi yawanta daga sauran kifayen da ke kewaye da shi yake karanto ta.

Ka duba yadda yake rayuwa a inda Allah ya ajiye shi. Yana tsayawa ne a ruwa ɗan nesa kaɗan da bakin raminsa, ya fuskanci inda igiyar ruwa ke tahowa, yana cafke ƙananan halittun da ruwa ke kawowa. Idonsa biyu ne kawai, ba zai iya kallon abinci kuma ya kalli sama da ƙasa da baya a lokaci guda ba, saboda haka sai ya ari idanun maƙwabta. Muddin ƙananan kifaye suna sama suna kiwo hankali kwance, toh lafiya lau kenan, da zarar sun yi ƙasa a guje shi ma ya faɗa rami ba tare da ya tsaya ganin meye ya koro su ba. Duk wanda ya taɓa zama a kasuwa aka ce ƙafa me na ci ban baki ba ya san wannan, ba ka tambaya sai ka yi nisa. Amma ɗaya gefen shine mutane suka fi mantawa da shi: ka shiga kasuwa ranar da take ci, tsakar rana, ka tarar ba kowa, rumfuna a buɗe ba mai saye ba mai sayarwa. Wallahi wannan shirun ya fi gudun ban tsoro. Toh haka tankin da ba kowa yake a idon kifi matsoraci, ruwa fayau ba mai yawo a fili, abun da yake gaya masa shine akwai dalilin da ya sa kowa ya ɓuya.

Shi yasa dabarar da mutane da yawa suke yi, ta cewa bari in ajiye shi shi kaɗai don ya samu natsuwa, sau da yawa take ƙara dagula lamarin. Wani masanin halayyar kifi a Amurka, George Barlow, tun 1968 ya yi rubutu a kan wannan, ya nuna cewa in ka zuba wasu ƙananan kifaye masu yawan kai-komo a fili tare da kifin da ke firgita, sai firgicin ya ragu ya fito ya ci gaba da harkarsa. Shi da kifayen ruwan daɗi ya yi aikinsa amma masu ruwan gishiri sun ɗauki dabarar, kuma kifin da suka fi amfani da shi wajen wannan aikin shine kuromis, wato Chromis viridis, ɗan kore mai sheƙi da ke yawo garke-garke a saman murjani.

Na ga wannan da idona a tankina mai lita 200. Fayafish ɗina ya yi kwana goma sha biyu a rami, abinci ma sai na zuba na bar ɗakin. Da na kawo kuromis guda biyar, ranar farko ba abun da ya canza, rana ta biyu da yamma ina zaune can nesa sai na ga ya fito da rabin jikinsa yana kallon sama inda suke, ya koma, ya sake fitowa, ya koma. A rana ta uku da na zuba abinci kuromis suka yi caa a kai, sai gashi ya baro ramin gaba ɗaya ya tsaya kamar taƙi ɗaya a sama da shi yana ɗaga fiffiken nan nasa yana cafkar abun da ya kuɓuce musu. Ban canza ruwa ba, ban canza fitila ba, ban canza abinci ba, maƙwabta kawai na canza.

Sai dai kar wani ya ji wannan ya ɗauka kuromis maganin komai ne. Su ma suna da nasu rikicin na cikin gida, a tanki ƙarami sukan sa ƙaramin cikinsu a gaba da tsangwama har ya mutu, sannan su koma kan na biye da shi, mutane da yawa sun fara da garke sun ƙare da ɗaya ko biyu. Kuma ba kowane kifi mai yawo ne yake kwantar da hankali ba. Akwai bambanci tsakanin mai yawo a natse da mai zarya kamar an biyo shi. Ka ɗauki tang, irin ruwan ɗorawar nan da aka fi sani daga Hawai, kifi ne da ya saba da fili mai faɗi, in ka matse shi a tanki ƙarami sai ya dinga safa da marwa daga wannan bango zuwa wancan da gudu, duk wucewar da zai yi ta bakin rami sai matsoracin ya noƙe, ko da kuwa tang ɗin bai ma san da zamansa ba.

Yanzu bari mu zo kan masu cutarwa da gangan, don su ne kowa ya fi sani. Dangin damsel su ne a gaba. Ana sayar da su da arha, suna da juriya, launinsu na ɗaukar ido, shi yasa sabon shiga yake fara sa su a tanki, kuma a nan kuskuren yake farawa, domin damsel kifi ne mai kafa iyaka, a teku wasu daga cikinsu har gonar gansakuka suke da ita suna gadinta, suna korar kifin da ya ninka su girma, har mutum mai ninƙaya sukan kai wa cizo. A teku in ya kore ka sai ka matsa gaba, magana ta ƙare. A tanki ina za ka matsa? Duk faɗin gilashin bai kai gonar da yake ganin tasa ce ba, saboda haka wanda aka kora bai taɓa fita daga iyakar ba, shi kuma mai korar yana ganin taurin kai ake masa. Abun kamar gidan haya ne mai tsakar gida ɗaya da famfo ɗaya, aka haɗa ka da mafaɗaci, kuma aka kulle ƙofar waje. Haka kifin kilawun mai launin jan ƙasa yake idan macen ta girma, haka ƙananan kifayen da ake kira dotibak, haka ɗan ras ɗin nan mai zane shida, Pseudocheilinus hexataenia, wanda zan dawo kansa don ni ya taɓa ni.

Wani abu da ya kamata a gane shine kifi ba kowa yake tsana ba, ya fi tsanar wanda ya yi kama da shi. Mai siffa irin tasa, launi irin nasa, mai cin abun da yake ci, mai kwana a irin wurin da yake kwana, wannan shine kishiya. Royal giramma, ɗan yankin Karibiyan mai gaba shunayya baya ruwan ɗorawa, zai iya zama lafiya da babban kifin da ba ruwansa da kogo, amma ka haɗa shi da dotibak mai irin launinsa sai dai ɗaya ya bar wa ɗaya. Fayafish ɗin kansa da muke tausaya masa, in ka sa biyu waɗanda ba mata da miji ba, ɗaya zai iya takura wa ɗayan har ya hana shi fitowa. Ma'ana wanda yake matsoraci a gaban wani, shi ne azzalumi a gaban wani.

Amma cutarwar da ta fi kashe kifi a ganina ita ce wadda ba cizo ba bugu, ta wajen abinci. Ka ɗauki mandarin, Synchiropus splendidus, kifin da in ka ganshi za ka rantse da hannu aka zana shi. Shi ba ya rububi, yini yake yana bin dutse a hankali yana tsintar ƙananan ƙwarin ruwa da ake kira kofifod ɗaya bayan ɗaya, sai ya tsaya ya duba ya ƙara dubawa kafin ya tsinta. Ka sa masa ras mai zane shida a tanki, wanda shi ma ƙwarin yake ci amma da saurin walƙiya, ba zai taɓa shi ba ko sau ɗaya, kawai zai share dutsen ne tas. Kai kuma kana kallo kana cewa ai suna zaman lafiya, har ranar da za ka lura cikin mandarin ya lotsa, wani layi ya fito a gefen jikinsa saboda rama. Haka abun yake da kifin malam-buɗe-littafi mai dogon baki, Chelmon rostratus, kafin ya gama shawarar ko zai ci, masu haɗama sun cinye. Duk mai kiwon awaki ya san akuyar da ake turewa a bakin kwami, ba a karya mata ƙafa ba amma kullum ita ce ramammiya.

Sannan akwai tsoron da ba a gani da ido. Kifi yana jin motsin ruwa ta wani layi da ke gefen jikinsa, yana kuma jin ƙanshi sosai. Tun 1938 wani masani ɗan Ostiriya, Karl von Frisch, ya gano cewa in fatar wani ƙaramin kifi ta ji rauni akwai sinadarin da ke fita cikin ruwa wanda yake sa 'yan uwansa su watse su ɓuya, daga baya kuma aka ga irin wannan a kifayen murjani kamar su damsel da gobi. Toh ka yi tunanin ruwan da ba ya zuwa ko'ina, famfo yana ta juya shi a cikin akwati ɗaya, in ana yagar fiffiken wani kullum ai labarin yana kaiwa ga kowa. Haka in ka ajiye mafarauci kamar kifin zaki, Pterois volitans, wanda duk abun da ya shiga bakinsa abinci ne, ko a ƙoshe yake ƙananan sun san ko waye, ba za su sake ba.

Me wannan zaman ɗar-ɗar yake yi wa jikin kifi? In ya firgita jikinsa yana sakin sinadarin kotizol, wanda amfaninsa shine ya taimaka masa ya tsallake haɗari na ɗan lokaci. In firgicin ya zama na kullum sai abun ya juye, garkuwar jiki ta yi rauni, girma ya tsaya, sha'awar abinci ta tafi. Kifin teku kuma yana da wani nauyi na daban: ruwan da yake ciki ya fi jininsa gishiri nesa ba kusa ba, wajen giram 35 a kowace lita, saboda haka kullum ruwan jikinsa yana tsotsewa waje, dole ya dinga shan ruwan teku yana fitar da gishirin ta kafofin numfashinsa na gefen kai, aikin da ke cin ƙarfi ba dare ba rana. Kifin da ke cikin fargaba wannan daidaiton yana rikice masa. Shi yasa cutar farin ɗigo, wadda ƙwayar Cryptocaryon irritans ke kawowa, in tana cikin tanki sau da yawa a jikin wanda ake tsangwama take fara bayyana. Mai tanki sai ya ruga neman magani, alhali ruwa ba ya tsami banza.

Akwai kuma maƙwabtan da zamansu alheri ne kai tsaye, kuma wannan ɓangaren yana burge ni matuƙa. A 2011 Marta Soares da abokan aikinta sun wallafa binciken da ya nuna cewa shafar da kifi mai gyaran jiki, wato mai tsince ƙwari daga jikin wasu, yake yi wa sauran kifaye, ita kanta shafar ko ba a cire musu ƙwaro ba, tana rage musu kotizol. Ba ina cewa a je a sayo wannan kifin ba, yana da wuyar ciyarwa kuma a tanki ƙarami yakan dami kowa da naci, jatan lande mai gyaran jiki, Lysmata amboinensis, ya fi sauƙin riƙo. Amma wanda ya fi komai nuna abun da nake faɗa shine gobi mai gadi, Cryptocentrus cinctus, da jatan landen da ake kira mai bindiga. Jatan landen ba ya gani sosai amma gwanin haƙa ne, gobi kuma ido gare shi amma ba gwanin gini ba, sai suka haɗa gida. In jatan landen zai fito zubar da yashi sai ya ɗora dogon gashin bakinsa a jikin gobi, da zarar gobi ya ga abun tsoro ya kaɗa wutsiya, su biyun su faɗa rami tare. Halitta biyu matsorata, amma saboda suna tare sai ka gansu a bakin rami yini guda, ɗaya na tura yashi ɗaya na gadi.

Kafin dai a ɗora wa maƙwabta laifi a fara duba ruwa, amoniya, wato gubar da ke fitowa daga kashin kifi, ta zama sifili, nauyin gishiri a ma'aunin gwada ruwa wajen 1.025, zafi tsakanin digiri 24 da 26, a duba ko yana numfashi da sauri ko akwai tabo a jikinsa. Kuma wani ɓuyan ba matsala ba ne, royal giramma ɗan kogo ne tun asali, har kife yake iyo cikinsa na kallon rufin dutse, sabon kifi kuma ko wane iri ne yana da haƙƙin kwana biyu uku na baƙunta.

In ruwa lafiya, toh tsarin shigowa shine babban abu. Matsorata su fara shiga, su san ramukansu, su saba da cin abinci, masu zafin kai su zo a ƙarshe, domin wanda ya riga zama shi ke ganin gidan nasa ne. In kuma ka riga ka yi akasin haka, akwai ɗan akwatin roba mai huji-huji da ake rataye wa a cikin tankin, a sa baƙon a ciki kwana biyu zuwa sati, suna ganin juna ba mai taɓa wani, ya koyi ci a gabansu, su kuma zafin ya ɗan huce. Wasu suna sauya wa duwatsu wuri a ranar da za su saki baƙo don iyakokin kowa su rushe, wasu suna manna madubi a jikin gilashi mafaɗacin ya shagala da faɗa da kansa, wannan na kwana kaɗan ne kawai. A sake shi fitila a kashe. Abinci a zuba wa masu haɗama a wannan gefen, a kai wa matsoracin nasa har bakin rami da dogon bututu ko sirinji. Sannan abun da mutane suke yi a juye: suna rage duwatsu wai don kifin ya rasa wurin ɓuya su dinga ganinsa. Kifin da ya san akwai rami kusa da shi ta kowane gefe shi ne yake yarda ya tsaya a fili, wanda ba shi da wurin gudu kuwa sai ya maƙale a lungun sama bayan famfo, launinsa ya dushe. Murfi ko raga a saman tanki kuma dole ne, musamman inda ake yawan ɗauke wuta a dawo da ita ba zato, fitila ta haske ɗaki gaba ɗaya cikin dare, fayafish in ya firgita bai samu rami ba sama yake yi.

Haka na rasa nawa. Bayan wata huɗu yana fili lafiya na kawo ras mai zane shida saboda kyansa, kuma duk lokacin da na tsaya gaban gilashi ban taɓa ganin ya kori kowa ba, ashe in na matso hankalinsa na kan abinci ne. Fayafish ya fara rage fitowa, na ce ko tsohon halinsa ne ya dawo. Sai da na jingina waya ta ɗauki bidiyo na bar ɗakin na rabin awa sannan na ga gaskiya, duk fitowar da zai yi ras ɗin sai ya taso masa daga bayan dutse, ba ya cizo, kora kawai, ya mayar da shi rami ya wuce abunsa. Na ce gobe zan nemo tarko, da safe na tsinci fayafish ɗin a ƙasa bayan tankin ya bushe, ta wata 'yar kafa da ke gefen murfin ya fita. Har yau abun yana min ciwo don alamun duk sun bayyana a gabana.

Ras ɗin ya ƙi shiga tarko, sai da na kwashe duwatsun tankin kusan duka cikin bokitai kafin na kama shi na ba wani mai tanki babba da manyan kifaye. Kwana huɗu bayan nan royal giramma ɗina, wanda na daɗe ina ɗauka shi dai ba ya son haske ne, ya fito daga kogonsa ya zo har gaban gilashi yana karɓar abinci a tsakiyar kuromis.